Rasuwar Lasifikar Ɗakin Inna

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, telan nan na ƙarshen layi, a madadin iyalinsa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar ƙaramar lasifikar gidansu marar waya. Ta cika ranar Talatar da ta gabata da hantsi, bayan jinyar mako uku.

Marigayiyar ta shigo gidan shekara huɗu da suka wuce, lokacin da ciwo ya kwantar da Inna, mahaifiyar telan. Idonta ya dushe, tunaninta ya soma rikicewa, ta ƙi abinci sai in ta ji muryar mijinta, wanda ya daɗe da kwanta dama. Akwai kaset guda da Baba yake hira a ciki, yana dariya, yana tsokanarta kan gishirin miya. Telan ya sayo 'yar na'urar bulutut mai aika sauti ba waya, ya soka a bayan tsohuwar rediyon falo, ya danne maɓallin lasifikar har fitilarta ta daina ƙyaftawa, ya ɓoye ta bayan labulen Inna. In an kawo kwano, sai ya kunna kaset daga falo. Lasifikar ta ce "tuɗum", Baba ya yi gyaran murya, Inna ta gyara ɗankwali ta buɗe baki.

An shaidi marigayiyar da riƙon amana. Sau ɗaya tak ta yi kuskure, ta kamo wayar maƙwabci ta saki kiɗa. Inna ta ce, "Yau kuma tsohon nan yarinta yake ji?"

Ciwon ajali ya fara da shaƙewar murya, daga nan caji ya daina zama. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya tarar batir ya kumbura ya cinye komai, ya ce, "Maigida, sai haƙuri." An kawo sababbi biyu. Ɗaya ta ƙi gaisawa da na'urar falo sam, ɗayar kuma tana datse Baba a tsakiyar magana.

Da dabara ta ƙare wa telan, sai ya ɗauko rediyon kanta ya ajiye a bakin ƙofar Inna. Ya danna, maɓalli ya ce ƙwas.

"Ashe kaset ne," in ji Inna, ta juya fuskarta bango. Kwana huɗu ke nan ruwa kawai take kurɓa.

Marigayiyar ta bar igiyar caji, da kwalinta, da na'urar falo wadda har yanzu take ƙyafta ido tana nemanta, da telan da yake kai wa uwarsa kwano yana dawowa da shi a cike.

Gobe da safe zai naɗe ta a farin ƙyalle, ya sa ta a durowar keken ɗinkinsa. Ba zaman makoki. Maza masu zuwa gaisuwa su tsaya a waje, don girman Allah. Duk muryar namijin da ta tashi a falo, sai Inna ta ɗago kai.