Ragon Sakatare

Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta manoman wake a Madarunfa, don ni kaɗai na yi lakwal, wato makarantar boko, har gemu ya fito. Da shugabanmu Alhaji ya ce in rubuta sanarwar taron koyon adana wake, na ce yau za a ga ilimi.

Na zuba Faransanci shafi guda, haruffa ƙanana kamar tururuwa. Don ado, na sa hoton ƙosasshen rago a tsakiya. Mai buga takardar ya girmama ni da laƙabin Faransanci, ya ce, "Mushe, me ya haɗa rago da wake?" Na ce masa wannan harkar masana ce.

Ranar taro, mutane suka baro gonakinsu daga Safo da Gabi a amalanken jaki, kowa da igiyarsa. Wata tsohuwa ta riƙe mani riga: "Ɗana, ban iya karatu ba, amma ido na gani. Ina ragona?"

Alhaji ya miƙo mani lasifika. "Bismilla, masani. Yi masu bayani da Faransanci."

Har yau, in Layya ta matso, sai a tare ni a kasuwa: "Sakatare, mun zo da igiya."