Rasuwar Mai Tsawa, Lasifikar Honorabul Zakari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda har ya fara zuba ta gefe, iyalan Honorabul Zakari Maliki na Illela suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki da 'yan jam'iyya mai alamar buta rasuwar lasifikarsu, wadda anka fi sani da Mai Tsawa. Ta rasu ranar Alhamis da hantsi, bisa teburin Sahabi mai gyaran rediyo, cikinta a buɗe, bayan jinyar kwana tara. Radiyya, ɗiyar ƙanwar Honorabul, ita anka sa ta rubuta wagga sanarwa, anka ce ta faɗi komi yadda yake. To ga shi.

Honorabul ya ce a fara da wannan: tunda anka kafa Illela, babu ɗan takarar kansila da ya taɓa tara jama'ar da shi da marigayiya sunka tara. Ya ce mutum dubu huɗu sunka jefa mashi ƙuri'a, kuma ya san fuskokinsu. Takardar sakamako ta ce ashirin da uku. Ya ce sauran sace su anka yi, shi ya sa ya ɗauko lauya tun daga Sakkwato. Lauyan ya ce zai shigar da ƙara in an kawo mashi mutum ɗari biyu, kowa da katin zaɓe a hannu, su rantse cewa Honorabul sunka zaɓa. A riƙe wagga magana, don ta shafi shirin jana'iza.

Marigayiya ta shigo gidan shekara biyu da sunka wuce, cikin kwali, a makon da maigidan ya sa anka ɗinka mashi hula mai rubutun HONORABUL, tun bai tsaya takarar komi ba. Anka ɗaure ta bisa tsohuwar akori-kurarsa da igiyar roba. Tun daga ranar ba ta sake sanin inuwa ba.

Kowa ya shede ta da biyayya. Ba ta taɓa yi wa maigida musu ba. Abin da duk ya raɗa mata, sai ta faɗa wa duniya ninki goma. Ya ce famfo, ta ce famfo. Ya ce asibiti mai hawa uku, ta ce mai hawa uku. Ranar da ya ce zai sa a zubo wa tabkin Kalmalo kifin Misira daga jirgin sama, ko tari ba ta yi ba. Matarsa Hajiya Baraka ta ce shekara ashirin tana zaune da shi, ba ta taɓa ganin mai haƙurin sauraronsa irin Mai Tsawa ba.

Har yanzu muryarta tana cikin kunnen unguwa. Da ita ake sanin Honorabul ya karya kumallo. "Fuu. Fuu. Halo, halo. Jama'a, kuna ji na?" Sannan ta saki wani "ƙiiiii" mai tsawo, awaki su watse, jarirai su ɗauka. Jama'a suna ji. Ba su da yadda za su yi.

Sau ɗaya tak anka ci mata fuska, a Kalmalo, wato mazaɓar da Honorabul yake nema. Ranar taronsa na farko can, wata tsohuwa mai suyar kifi, Inna Hindatu, ta aje kwanonta ta matso jikin mota.

"Zakari, kashe abin ga, ai ga mu kusa da kai. Hanyar ga da motar kifi ka kahewa duk damana, mi za ka yi mata?"

Honorabul bai kashe ba. Ya ƙara murya, ya yi rabin awa yana bayanin dimokuraɗiyya tun daga Girka. Inna ta saurara har ƙarshe, tana korar ƙuda.

"Madalla. To hanyar, mi za ka yi mata?"

A hanyar dawowa, bayan an turo motar daga cikin laka, Honorabul ya yanke hukunci cewa mutanen Kalmalo ba su waye da siyasa ba. Bai sake kai marigayiya can ba. Ya maida ita kasuwar Lahadi, daidai mashigar arewa inda hanyar iyaka take shigowa, ya juya bakinta arewa, don ya ce iska ta fi ɗaukar magana ta nan.

Nan Mai Tsawa ta samu masoyanta. Duk Lahadi, kafin ta gama "fuu, fuu", an kewaye mota: masu shanu, masu albasa, 'yan kabu-kabu, mata da goyo. Ya ce famfo, su tafa. Ya ce asibiti, su tafa. Ya yi atishawa, su tafa. Su riƙa cewa "Dakor, Onorabul!", wato sun yarda. Sunka karɓi hula, sunka karɓi sabulu, sunka karɓi atamfa mai fuskarsa, kuma cikin shekara biyu ba wanda ya taɓa tambayarsa zancen hanya. Honorabul yakan dawo gida murya a dishe, ya cire hula ya ce wa Hajiya, "Waɗanga su ne mutane."

Wata rana Radiyya ta ce, "Kawu, mutanen ga naka duk da sefa suka sayen ruwa."

"Ke mi kinka sani ga siyasa?" in ji shi. "Duk Illela nuna mani aljihun da babu sefa."

A nan kam gaskiyarsa.

Abokin takararsa kuwa, Lawwali mai taki, ko makirfo bai mallaka ba. Tsohon keke gare shi. Duk suna yana nan, duk ta'aziyya yana nan, zaune bisa tabarma yana jin koke-koken tsofaffi. Honorabul yakan tausaya mashi ƙwarai. Ya taɓa cewa in an rantsar da shi, zai riƙa ara wa Lawwali marigayiya ranar Talata.

Ciwon ajali ya fara ne ranar zaɓe, sa'ad da anka faɗi sakamako. An riga an yanka rago, Hajiya ta kai tukunya ta uku ta walimar nasara, sai labari ya iso. Honorabul bai ci ko tsoka ɗaya ba. Ya hau akori-kura, ya kama makirfo, ya shiga kewaya gari. Kwana uku, tun hantsi har la'asar, Mai Tsawa tana faɗin kalma biyu: "An sace! An sace!" Wasu sunka fito da sanduna suna tambayar ina ɓarawon ya bi. A rana ta uku, daidai tashar mota, muryarta ta karye. "An sa... khhh... an... khhh." Hayaƙi ya fito mata ta baya.

Anka garzaya da ita wajen Sahabi. Honorabul ya ce 'yan adawa ne sunka yi mata asiri, a duba ciki da kyau, za a ga laya. Sahabi ya buɗe, ya duba, ya shinshina.

"Honorabul, babu laya. Kwayil ne ya ƙone. Ihu ya yi mata yawa."

An yi duk abin da za a iya. An canza waya, an ɗiga dalma, an kawo batir na aro. Ranar Alhamis ta ɗan farfaɗo, har anka fara murna. Honorabul ya duƙa, ya hura makirfo a hankali. Ta ce "fuu". Daga nan ba ta sake cewa komi ba.

Ta rasu ta bar makirfo ɗaya mai ɗaurin salatif, da batirin mota wanda shi ma ba lafiya gare shi ba, da igiyar roba, da fosta buhu biyu da masu ƙosai sunka fara zuwa gaisuwa dominsu. Ta kuma bar alkawura masu yawa, duk ƙanana, babu wanda ya fara tafiya.

Game da jana'iza: liman ya aiko tun da wuri cewa kada ma a nemo shi. An fara karɓar gaisuwa jiya Lahadi a ƙofar gida. Honorabul da kansa ya zaɓi ranar, don ita ce ranar mutanenta, ya kuma aika kasuwa cewa duk mai ƙaunar marigayiya ya zo da katinsa. Anka kafa rumfa, anka aje wa lauya tebur da biro biyu.

Kuma sun zo. A babura, a amalanke, a ƙasa, wasu sanye da hular buta, mata cikin atamfa mai fuskarsa, har layi ya kai bakin titi. Honorabul ya miƙe, idanu cike da hawaye.

"Barista, ƙirga! Ka ga abin da nike gaya maka?"

Lauya ya karɓi kati na farko, ya juya shi. Ya karɓi na biyu. Wajen na goma ya cire tabarau ya goge. Duk da Faransanci anka rubuta su.

"Baba, wanga ai katin ɗan ƙasa ne na Nijar."

"Wi," in ji dattijon, wani mai shanu daga Konni, can tsallaken iyaka. "Kati anka ce mu zo da shi, ga shi mun zo da shi. Onorabul, mu muna sonka. Da wajenmu ka tsaya, wallahi da ka wuce."

Lauya ya hau benci ya tambaya, cikin taron duka, wa ke da katin zaɓen Najeriya. Hannu ɗaya ya tashi, daga bakin zaure. Hajiya Baraka ce.

"Alhamdu lillahi. Hajiya, za ki rantse cewa maigida kika zaɓa?"

"Barista, ni da ke bisa tukunya tun safe? Wa za shi bar naman rago shi tahi layi?"

Za a miƙa gawar marigayiya ga 'yan gwangwan ranar Laraba bayan azahar. Za a ci gaba da karɓar gaisuwa har zuwa lokacin, kuma ana roƙon masu zuwa daga Konni su bar katinsu gida, don kada ya ɓace. Mutanen nan ashirin da uku, in ban da shi Honorabul, har yanzu ba wanda ya fito ya ce yana ciki. Lauya ya koma Sakkwato, ya bar saƙo cewa maganarsa tana nan: mutum ɗari biyu. Zuwa yanzu saura ɗari biyu.