Ranar da moton marigayi Ilu ya tashi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sadakar arba'in ɗin aminina Ilu a Dungas, ko da yake na so ƙwarai a ce jama'a sun riga ni mantawa.

Ilu ya bar moto, wato babur, sabo fil, wanda ya sayo a ƙetaren iyaka. Da ransa ya ishe mu da labarinsa: ba ya shan isansi, wato fetur, ba ya hayaƙi, kaza da kaza. (Da ya fara, ni sai in ja hula in yi gyangyaɗi.) Bayan rasuwar aka jingine moton a zaure aka lulluɓe da tabarma. Yara ko kusa ba sa zuwa, wai in an wuce ana jin ƙanshin turaren marigayi.

Matsalar ita ce ɗansa Sanusi. Ya rantse da an gama sadaka zai hau moton nan ya tafi Arewa haƙar zinariya. Uwarsa Rabi ta kira ni bakin danga tana kuka, ta ce shi kaɗai ya rage mata namiji, in san yadda zan tsayar da shi. Na ce ta bar mini. Boko dai ban wuce aji biyu ba, amma shaƙiyanci ba wanda ya koya mini.

Da hantsi na faki ido na shiga zauren, na murɗe hular buji, wato ƙoƙon da ke kai wa inji wuta, na jefa a aljihu. Kowa ya san moto ba ya tashi in babu ita. Da aka shafa fatiha na gyara murya gaban dattawa, na ce na yi mafarki da Ilu, ya ce a gwada motonsa. In ya tashi ya yarda yaro ya tafi, in ya ƙi to a haƙura. Har da share ƙwalla na yi.

Aka turo moton tsakar rana, lokacin da ko akuya ba ta son gilmawa ta gindin tsamiya. Wata 'yar guguwa ta taso daga hanyar maƙabarta, ta ɗaga tabarmar ta ajiye a gabana. Sanusi ya taka sau ɗaya.

Moton ya tashi. Murya ƙasa-ƙasa, ba hayaƙi ko kaɗan, kamar mutum yana numfashi.

Na shafa aljihu, hula tana nan. Sai na ji turaren nan, na ga kamar kan moton yana juyowa wajena a hankali. Ban san sanda na zube a ƙasa ba, rawani gefe, takalmi gefe, na ɗaga hular sama ina cewa: "Ilu, yafe mini! Ƙarya na yi maka, ga kayanka!"

Sanusi ya kashe moton, ya zo ya kama hannuna ya zagaya da ni ɗaya gefen. Ga wata buji can zaune da hularta. Ya ce: "Baba, ai biyu ne. Wuta ta kama ta nan ta kama ta can, shi ya sa isansi ke ƙonewa ƙurmus. Kullum sai marigayi ya gaya muku a majalisa."

Liman ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Dattawa kuwa suka ce ko mafarkin ƙarya ne, sharaɗin dai gaban jama'a aka gindaya, kuma moto ya tashi. Da bakina na buɗe wa yaron hanya. Washegari ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓi hularsa, ya tafi.

Yana bugo wa uwarsa waya duk Juma'a, alhamdu lillahi, amma har yau in na gaida Rabi sai ta amsa wa danga. Ni kuwa na ɗauki darasi: in aboki na zuba, a saurara tun yana da rai. In kuma za a yi wa mamaci ƙarya, a fara zagaya moton tukuna.