Nomau da Ɗakunan da Ake Kawowa a Tirela

Mu huɗu ne a gidan: ni, da maigidana, da Iya mahaifiyarsa, da ƙanensa Nomau wanda ya biyo mu daga ƙauye bayan kaka. Nomau ba mahaukaci ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Matsalarsa ɗaya ce: yadda ka faɗa masa abu, haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Ran da Iya ta ce ya riƙe mata kaza kafin ta dawo, da kazar a hammata ya shiga sahun la'asar.

Can bayan gari muke haya, maigidan kuma direban bas ne. Kullum sai ya yi tafiyar awa ɗaya da rabi kafin ya kai tashar da yake ɗaukar mota. Sai wani kamfani ya fara gina bene a jikin tashar, irin ginin da ban taɓa ji ba. A masana'anta ake ƙera ɗaki sukutum, da taga da fenti da banɗaki, a ɗoro shi a tirela, injin ɗaga kaya ya jera su wani kan wani kamar kwalayen taliya. Aka ce duk leburan da ya kai ƙarshen aiki ba a kore shi ba, za a ba iyalinsa haya mai sauƙi a ciki. Maigidan ya yi ta kai gwauro yana kai mari har aka ɗauki Nomau. Foman wurin, wato shugaban leburori, wani Sallau, ya faɗa masa tun ranar farko cewa a laifi na uku yake kora.

Wata rana aka sauke sabon ɗaki a ƙasa, aka ɗora shi kan bulo, Sallau ya ce, "Nomau, shiga ka gwada komai, ka ga ko yana aiki." Nomau ya buɗe taga ya rufe. Ya murɗa makulli. Sannan ya shiga banɗaki ya ja ƙofa. Masan kuwa ba a haɗa shi da bututu ba tukuna, rami ne kawai, kuma akwai mai walda kwance a ƙasan ɗakin yana aiki. Ba zan faɗi sauran ba. Da Sallau ya shaƙo wuyan rigarsa, cewa ya yi, "Oga, ka ce komai. Kuma wallahi yana aiki."

Da ya dawo na ce, "Injiniya, an gwada?"

"Matar Yaya, kujera ce da guda! Ke dai Allah ya kai mu."

Wata rana aka ba shi igiyar da ake daidaita ɗaki idan inji ya ɗaga, don kada iska ta juya shi. Sallau ya ce, "Riƙe, kada ka saki ko me ya faru." Ɗaki ya tashi, igiya ta miƙe, Nomau ya tashi tare da ita. Hawa ɗaya, hawa biyu, hawa uku. Maigidan yana zaune a motarsa ana lodi, sai ya ji kwandastoci suna ihu, "Sama! Sama! Saura mutum ɗaya!" Ya leƙo, ya ga ƙanensa yana lilo, mazagin wando ya tsinke, wandon ya sauka kan teburin mai shayi. Tun yana ƙasa-ƙasa leburori suke cewa ya saki, shi kuwa yana amsawa, "Ba ku kuka ba ni ba!"

Ranar maigidan bai ci tuwo ba. Ya ce, "Saura ɗaya, Nomau. Don Allah, don darajar Iya, idan an ce ka yi abu, ka ɗan tsaya ka yi tunani."

"Na minti nawa, Yaya?"

Iya ta juya fuska bango, kafaɗunta na rawa don dariya.

Wata rana, gini ya kai hawa biyar an gama jerawa, aka ce manyan kamfani za su zo dubawa da azahar. Sallau ya miƙa wa Nomau tiyo ya ce, "Wanke ginin nan tun daga sama har ƙasa, kada ka bar ko'ina." Shi ƙurar bango da matattakala yake nufi. Nomau ya tsaya ya yi tunani kamar yadda yayansa ya ce, sannan ya ja tiyo har kan rufi. Ya bi duk layin da ɗaki ya haɗu da ɗaki yana ɗura ruwa a tsagar, wai can datti ke ɓuya. Sai da ya ƙarar da tanki biyu.

Manya suna shigowa, ruwa na bin bango, yana ɗiga daga silin, har ya jiƙa wa wani babbar riga. Sallau ya hau sama da gudu.

"Uku! Ajiye hular ka fita!"

Nomau ya ajiye hular kwanon a ƙasa, ya kama hanya. Sai wata injiniya a cikin baƙin, ana ce mata Hajiya Kulu, ta ce a tsayar da shi. Ta hau rufin da kanta, ta zura yatsa a tsagar, ta fito da shi ba komai. Ashe waɗanda aka ba aikin liƙe mahaɗar da roba da gam sun yi ta gaba inda ido ke gani, sun bar ta baya a buɗe.

Ta ce, "Sallau, wa ya ce a yi gwajin ruwa?"

Kafin Sallau ya buɗe baki, Nomau ya nuna shi da yatsa.

"Shi ne, Hajiya. Ni ba na yin abin da ba a sa ni ba."

Sallau ya dubi manya, ya gyara tsayuwa, ya ce, "E, to... ni ne." Daga nan kuma ba shi da bakin korar wanda ya bi umarninsa. Hajiya Kulu ta ce da damina ce ta fara gano wannan, da mutane da katifunsu a ciki za ta gano shi. Aka liƙe ko'ina, aka sake kiran Nomau ya ɗura ruwa, ko ɗigo bai sauko ba.

Wata biyu bayan nan aka ba mu makulli, hawa na biyu, tagarmu na kallon tasha. Yanzu sai maigidan ya ji an fara kiran fasinja yake neman takalmi. Ni dai tun da muka tare, ko kofi ban taɓa ce wa Nomau ya wanke mini ba.