Sunana a Kan Ledar Kunzugu

Ranar Talata da safe na iso bakin gidan kula da tsofaffi na gindin tudu, inda nake fitar da shara sau uku a mako tun da na ajiye tuƙin bas, sai na tarar da ledoji goma sha bakwai a jere ƙarƙashin ragar da ke kare su daga hankaki. Motar shara ta zo ta wuce ta bar su. Kowace leda an manna mata takarda ruwan ɗorawa, irin wadda in aka manna wa shararka a garin nan, gara a ce ka mari surukinka a kasuwa. Ni Gonda Tokuzo, shekara saba'in da ɗaya ina raba kwalba da murfinta, ina wanke gwangwani kafin in yar, yau ni ne da takardar kunya har goma sha bakwai!

Hatsue, maƙwabciyata mai gadin wurin shara ba tare da kowa ya naɗa ta ba, tana tsaye da tsintsiya.

"Gonda, ba ka karanta sabon littafi ba ke nan."

"Wanne? Na bara mai shafi sittin?"

"Haba, wannan ai ya tsufa. Na bana. Shafi na arba'in da biyu: kunzugun manya, kowace leda da sunan mai shi."

To jama'a, ku ji hikima. Iyayenmu masu girma na hukumar gari, Sarkin Bola da Wazirin Leda, sun zauna wata takwas suna shan shayi, sun je ƙasashe uku kallon jujin mutane, suka dawo suka gano cewa kunzugu iri biyu ne. In tsohon da ya ɗaura shi ya mayar da rajistar zamansa gidan tsofaffi, sharar gida ce. In rajistarsa tana can gidan ɗansa, sharar sana'a ce, motarta daban, ranarta daban. Abin da ke ciki ɗaya ne, na rantse muku, ni nake ɗauka. Amma wa ni da musu da waɗanda suka hau jirgin sama? Har ɗan tsana suka sa aka ɗinka, ƙaton kunzugu mai idanu da murmushi, wani bawan gari yana shiga ciki yana ɗaga wa mutane hannu a tashar jirgin ƙasa.

Ledar garinmu kuwa garau take, ana ganin komai. Daga bakwai zuwa tara tana bakin titi, daidai lokacin da duk unguwa ke wucewa, kuma Hatsue karanta leda take yi kamar jarida.

Da na shiga gidan tsofaffin, Tomie, babbar ma'aikaciyar jinya, ta ja ni gefe. Idonta ya yi ja.

"Malam Kuwabara ya daina shan ruwa. Yau kwana uku. Ko miyar safe ture ta yake yi."

Malam Kuwabara shekara talatin yana shugaban makarantarmu. Rabin garin nan ya ja musu kunne, har da ni. Yana da shekara casa'in da biyu, amma ba ya fitowa cin abinci sai ya ɗaura lakataya a wuya. Bayan Tomie da ni mai ɗaukar leda, ba wanda ya san yana sa kunzugu. Tun da ya ji dokar, ya yi lissafi irin na malamai: in ruwa bai shiga ba, ba abin da zai fita, ba leda, ba suna. Na leƙa ɗakinsa na gan shi zaune tsaf, leɓɓansa sun tsattsage. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na hau keke sai ofishin masu girma. Wani mai ƙaramin muƙami da babban tebur ya tarbe ni da rusunawa, na rusuna, ya ƙara, na ƙara, har ƙuguna ya yi ƙara.

"Ranka ya daɗe, tsoho zai mutu da ƙishirwa saboda shafi na arba'in da biyu."

"Kash, abin da ban tausayi. Ni ma ina da tsoho a gida. Za mu duba da idon basira."

"Yaushe?"

"Kwamitin kunzugu zai zauna bayan furannin bazara sun zuba."

"To a sa lambar ɗaki maimakon suna mana."

Ya ja iska ta haƙora. "Da wuya fa. Gurbin da ke jikin ledar ya ce suna."

"Sunan wa?"

Ya buɗe littafi, ya bi da yatsa. "Sunan mazaunin gari mai rajista, da hatiminsa."

"Ana gwada mutum a ga ko shi ya ɓata kunzugun?"

"A'a, wannan ba hurumin sashenmu ba ne."

Na gode masa da rusunawa uku, na fito.

Ranar Juma'a na rubuta Gonda Tokuzo a kan ledar Malam, na buga hatimina. Kafin azahar labari ya zaga gidan. Wata tsohuwa ta kira ni wai in gyara mata labule, ta raɗa mini, "Ɗan nan, ni ma." Wani tsohon masunci ya ce, "Tokuzo, ai hannunka ya riga ya ɓaci da tawada." Talata ta zagayo, ledoji goma sha bakwai, duk Gonda Tokuzo. Motar shara ta kwashe su tas, direban ma har ya ɗaga mini hula cikin juyayi.

Da yamma sai ga Hatsue a ƙofar gidana da kwanon kabeji mai tsami.

"Gonda, ashe haka kake fama? Kuma kana hawa keke!"

"Lafiyata ƙalau."

"Haka mijina ya riƙa cewa. Ka rage shayi."

Matata Fusako ba ta yi mini magana ba har kwana biyu. Da ta buɗe baki cewa ta yi, "Shekara arba'in da biyar ina jira ka yi suna a garin nan. To ga shi ka yi." A gidan wanka na unguwa kuwa, ina shiga kwamin ruwan zafi maza huɗu suka fice a tare, kowa wai ya tuna wani uzuri.

Kada ku ce manyanmu ba sa aiki. Cikin mako biyu na'urarsu ta gano cewa akwai mutum ɗaya a garin nan da ke cika leda goma sha bakwai. Suka turo tawaga: mai babban tebur, likita, mai ɗaukar hoto, da ƙaton kunzugun nan mai murmushi, wanda ya maƙale a ƙofata sai da aka turo shi ta baya. Aka ba ni takardar yabo ta ɗan gari mai bin doka duk da larura. Mai babban tebur ya dube ni, ya san gaskiya sarai, na san ya sani, muka rusuna wa juna. Gurbi dai ya cika.

Jiya Malam ya aika a kira ni. Na same shi da butar shayi a gabansa, yana kan kofi na uku, leɓɓansa sun warke. Bai ce in zauna ba.

"Gonda."

"Na'am, Malam."

"Na hango ledar ta taga. Shekara sittin, har yanzu rubutunka kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Harafin farko na sunanka ya karkace." Ya miƙo mini alƙalami da farar takarda. "Zauna. Sau ashirin. Sunan da zai tsaya a madadin nawa ba zai fita titi a karkace ba."

Na zauna na rubuta, ina share ido da hannun riga, shi kuma ya zuba kofi na huɗu.

Saboda haka, mutanen unguwa, in kun gamu da ni a kantin kifi, ku gaishe ni a fuska. Wandon nan da kuke ta leƙe, shi ne dai wanda kuka sani tun bara.