Ragon Suna a Cikin Waya

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar sunan ɗana na fari, ranar da mutanen unguwarmu a Filinge suka same ni bisa katanga cikin babbar riga.

Tun cikin matata Hadiza yana ƙarami take kiwon ragon suna. Dusa, harawa, har ruwan tsarin gero, ba abin da ba ta ba shi. Ni kuwa malamin lakwal, wato makarantar boko, mai jin kansa wayayye, wani abokina na Yamai ya koya mini harkar kuɗin kirifto. Akwai kamfani a intanet da ke ajiye wa mutum su, kullum ka buɗe waya ka ga sun ƙaru (abin da ban tambaya ba shi ne inda kamfanin yake, da wanda zan kama in ta ɓaci). Na dame ta da surutu har ta yarda, na kai ragon kasuwar Baleyara na sayar, na zuba kuɗin ciki. Na yi mata alkawarin sa za a yanka. Ban tsaya nan ba, duk majalisar da na zauna sai na faɗa.

Da ta haihu na je cire kuɗi, aka ce ana gyara, a dakata. Na dakata. Kullum amsar ke nan, ni kuma kunya ta hana ni gaya wa kowa, har ranar suna ta zo turke ba komai.

An shimfiɗa tabarmi, an raba goro, mahauci yana wasa wuƙa. Na raya wa kaina laifin rezo ne, wato sabis ɗin waya, da zarar saƙon kuɗin ya shiga dillali zai koro mini sa, wanda na riga na yi cinikinsa. Shi ya sa na haye katanga ina ɗaga waya sama. Saƙo kuwa ya shigo, amma na abokina ne: kamfanin ya rufe, masu shi sun ɓace da dukiyar kowa.

"Mushe, mi kaka yi bisa?" in ji liman (haka ake kiran malamin lakwal a wurinmu). "Ina dabbar take?"

Wani tsoho ya amsa mini: "Tana cikin wayar. Ku bari ta sabko."

Kaɗan ne suka yi dariya, kuma da sun yi da yawa da ya fi mini sauƙi.

Surukina, manomi ne daga Kurfai, ya miƙe bai dube ni ba. Dama ya zo da amalanke ɗauke da ragon da yake kiwo don layya, da niyyar a yi masa allura a gari. Ya kwanto shi ya miƙa wa mahauci.

"Ku yanka. Jikana ba ya kwana babu suna."

Da na sauko ya ce mini a hankali, "Ɗana, kakkaɓe rigakka, ka zamna cikin mutane." Bai sake tayar da maganar ba har yau. A shekarar nan bai yi layya ba, kuma wannan ya fi kuɗin ci mini rai. Hadiza ta daɗe ba ta iya kallon turken nan.

Na dai koyi cewa dukiyar da ba ka san ƙofar mai riƙe da ita ba, kada ka gayyaci mutane cin namanta. An raɗa wa yaron Abdullahi, sunan kakansa. Amma har yanzu da ya shiga lakwal, duk unguwa Ɗan Rezo take kiransa. Kwanan baya ya tambaye ni dalili, na ce ya je ya ci tuwonsa.