Hoton Magangarar Sotega

Wani mutum ne a Libreville, babban birnin Gabon, shekarun da aka karya darajar kuɗin sefa, ana farautar baƙi marasa takardar zama. Labari ya iske shi daga gida cewa Ɗanlaraba, abokin takararsa wajen neman auren Hawaou, ya aika hotonsa tsaye gaban wata magangarar ruwa a dajin Gabon. Uban Hawaou har ya rataye hoton a zaure, yana cewa, "Wannan shi ne ya je Gabon. Wancan ƙila a Kwatano ya maƙale."

Mutumin ya fusata, ya nufi wajen Hamidou mai hoto.

"Hamidou, kai ni inda ruwa ke faɗowa daga dutse. Wanda ya fi na Ɗanlaraba tsawo!"

"Maigida, tsakaninmu da can shingen jandarma ya fi haƙoran bakinka yawa. Kana da takarda?"

"Ina da niyyar yinta."

"To niyya ba ta wuce shinge. Amma in an yi ruwan sama, akwai wata kwata a bayan unguwar Sotega da ke zubowa daga tudu. In na kauce wa bolar da ke gefe, ko ɗan ƙasa sai ya rantse daji ne."

Aka kwana ana ruwa. Da safe mutumin ya ari kwat, ya ari agogo, ya shiga ƙarƙashin kwatar ya tsaya. Ɓawon ayaba ya sauka a kafaɗarsa. Ya ce a bar shi, shaida ce ta daji.

Hamidou ya ce, "Fim ya yi tsada, ɗauka ɗaya ta rage mini. Kumbura ciki, a san kana cin abinci. Cika kumatu. Ko me ya faru, kada ka motsa sai na ce."

Mutumin ya ja iska ya riƙe.

Sai ga motar jandarma. Masu kallo suka watse. Jandarmomi na kutsowa, Hamidou ya danna, ya rungume kyamara, ya haura katanga, bai ce masa ya motsa ba. Mutumin kuwa yana nan ƙiƙam, ciki a gaba, ruwa na dukan ƙeyarsa.

Ashe tuni wani jandarma ya zo ya tsaya a gabansa, yana neman takardun zama. "Papiye!"

Mutumin ya ƙara cika kumatu.

"Papiye, na ce!"

Ta gefen baki, ba tare da ya saki kumatu ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, matsa gefe, kana tare haske."

Haka aka ɗauke shi a sandare, kamar an saro icce.

Ranar da za a loda shi da sauran baƙin da aka kama a jirgin ruwa a tashar Port Môle, Hamidou ya lallaɓo ya miƙa masa hoton ta tsakanin ƙarafa. Ruwan ya fito fes, ya fi na Ɗanlaraba nesa ba kusa ba. Amma a tsakiya ƙeyar jandarma ce da faɗin bayansa. Na mutumin, kunne ɗaya ne ya leƙo, da ɓawon ayaba.

Mutumin ya fita daga layi, ya tunkari babban jami'in, yana kaɗa hoton a hancinsa.

"Ina da ƙara, kuma ba na hawa jirgin nan sai an bi mini hakkina!"

"Kai da ka shigo ƙasar mutane ba izini, har kana da ƙara?"

"Na ji, na shigo ba izini, ga shi kuna fitar da ni. To wannan ƙaton da ya shigo hotona, wa ya ba shi biza? A fitar da shi tukuna!"